Yadda za a zaɓa wa ɗan kunkuru mazauni a cikin ɗaki a yanayin Bauchi

Babban kunkuru yakan yi shekara da shekaru a tsakar gida ba tare da an kula da shi sosai ba, shi ya sa mutane ke ɗauka ɗansa ma haka yake. Ba haka ba ne. Wanda bai wuce cikin tafin hannu ba ƙoƙon bayansa bai gama ƙwari ba, jikinsa na saurin bushewa, kuma gafiya ko hankaka ko shirwa na iya gamawa da shi kafin a ankara. Saboda haka shekararsa ta farko, wani lokaci har ta biyu, a ɗaki ya kamata ya yi ta, cikin wurin da aka tanadar masa.

Yawancin bayanan da ke intanet a kan wannan an rubuta su ne don ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, inda babbar damuwa ita ce ɗumama wuri. Tamu damuwar a Bauchi daban take: busasshiyar iskar hunturu, zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, wutar lantarkin da ba ta tsayawa, sai ɓeraye da tururuwa. Da waɗannan huɗun za ka auna duk akwatin da aka nuna maka.

Ka fara sanin irin wanda ke hannunka

Wanda aka fi gani a gidajen Arewa shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata. Launinsa ruwan yashi ne, ƙafafunsa na gaba lulluɓe da ɓawo mai kauri, kuma a bayan kowace cinya akwai 'yan ƙayoyi biyu ko uku. Ana ƙyanƙyashe shi bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, amma idan ya girma tsawon ƙoƙonsa na iya haura santimita 70, nauyinsa ya wuce kilo 40. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Ciyawa ce abincinsa.

Akwai kuma ƙarami, wanda bai cika wuce santimita 20 ba, mai gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa da yake rufe ƙafafun baya da ita idan ya tsorata. Gaɓar ba ta bayyana sai ya fara girma. Shi wannan ba ya son rana mai ƙarfi, ya fi son inuwa da laima, kuma ban da ganye yana cin dodon koɗi da ƙwari da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Idan kuwa ƙoƙon nasa shimfiɗaɗɗe ne, da fata tsakanin yatsunsa, to na ruwa ne, wannan bayani bai shafe shi ba. Ma'aunan da za su biyo baya na sulkata ne.

Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan wani mai kiwo, ba wanda aka tsinto a daji ba. Sulkata na cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Ɗauko wani abu mai rai daga gandun daji irin Yankari kuwa laifi ne kai tsaye.

Abin da za a saka shi a ciki

Kunkuru ba gwanin hawa sama ba ne, tafiya ya fi yi, don haka faɗin ƙasa ake nema ba tsawon bango ba. Mafi ƙarancin da za a yarda da shi ga ɗa guda shi ne ƙafa 4 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, wato kamar santimita 120 da 60. Ba don jin daɗi kawai ba. Kunkuru ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, sai dai ya matsa wuri mai ɗumi idan ya ji sanyi, ya koma mai sanyi idan zafi ya ishe shi. A ƙaramin mazubi ko'ina zafinsa ɗaya ne, ba shi da wurin gudu.

Da wannan kaɗai abubuwa da yawa sun faɗi. Kwali yana jiƙewa ya rufta, ɓera kuma ya huda shi a dare ɗaya. Kejin kaji ko na tsuntsu wayar ƙasansa na ji wa ƙafa ciwo, ba ya riƙe ƙasa, iska kuma na ratsa shi ta ko'ina. Rabin duro na ƙarfe yana ɗaukar zafi ya yi tsatsa, ga shi ba ka san me aka taɓa zubawa a ciki ba. Bahon roba zai yi na 'yan makonni kafin a shirya, ko na fitar da shi shan hantsi, amma ba na zama ba.

Akwatin gilashi na kifi ya fi kowanne kyau a ido, kuma shi ya fi yaudarar mutane. Kunkuru bai san gilashi ba. Yana hango waje, sai ya wuni yana tura bango yana neman hanya, har ya goge hanci ko ya kife. Ƙasansa matsattse ne. Mafi muni, idan rana ta faɗo a kansa ta taga, zafin ciki na hauhawa cikin mintuna kaɗan. In dai shi kaɗai ke gare ka, ka liƙa takarda mai kauri ta waje a kewayen ƙasansa har tsayin santimita 15, kuma kada rana ta taɓa shi.

Waɗanda ke aiki su ne akwatin katako da kafinta zai haɗa, ko tsohuwar durowar kaya da aka kwantar da ita ta baya aka cire ƙofofi, ko gindin babban tankin ruwa na roba da aka yanke, ko kuma a jera bulo sahu biyu a kusurwar ɗakin da ba a amfani da shi. A ganina akwatin katako ya fi, saboda ana iya ɗaga shi a canza masa ɗaki idan yanayi ya juya, kuma a Bauchi sai an yi hakan aƙalla sau biyu a shekara.

Abin da za ka gaya wa kafinta

Fallen filawud guda mai ƙafa 8 da 4 ya isa. Ka sayi mai kaurin rabin inci ko fiye, siririn yana lanƙwashewa idan ya ɗauki nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A yanka gindi ƙafa 4 da 2, dogayen bango biyu masu ƙafa 4, gajeru biyu masu ƙafa 2, dukkansu tsayin inci 16. Abin da ya rage ya isa a yi rufin rabin akwatin. Inci 16 ɗin ba son rai ba ne: ƙasa za ta cinye inci 4, saura 12 a sama, kuma ƙa'ida ita ce bangon da ke saman ƙasa ya ninka tsawon kunkurun aƙalla sau biyu. A kowace kusurwa a buga ɗan katako mai kusurwa uku a sama, domin ta kusurwa suke dafa bango biyu su haura.

Abu guda da sai ka faɗa da bakinka, in ba haka ba za a yi maka shi da kyakkyawar niyya: kada a shafa wa katakon baƙin mai ko Solignum ko wani maganin gara, kada kuma a yi fenti ta ciki. Dabbar da hancinta ke dab da ƙasa, a wuri mai ɗumi, ita za ta shaƙi warin dare da rana. Maganin gara shi ne a ɗora akwatin a kan bulo ko a yi masa ƙafafu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ta ciki kuma a shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri, ta rufe gindi ta hau bango kamar inci 6, a danne bakinta da siririn katako yadda farce ba zai kama ta ba.

Ragowar rabin saman a yi masa murfin waya mai ido rabin inci a kan firam ɗin katako, da sakata. Wayar sauro ba za ta yi ba, ɓera na yaga ta. Murfin da aka ɗora kawai aka danne da dutse, kyanwa ma na ture shi.

Ƙasa da danshi

Nan ne aka fi yin kuskure. Ana cewa ai dabbar hamada ce, sai a zuba masa busasshen yashi. A daji, 'ya'yan sulkata da damina suke fitowa, kuma yawancin lokacinsu a cikin rami ko ƙarƙashin ciyawa suke yinsa, inda akwai laima ko da waje ya bushe. Ɗan da aka rena a busasshen wuri, kowane gida na ƙoƙon bayansa sai ya riƙa tasowa tsololo maimakon ya girma sumul, kuma abin da ya riga ya taso ba ya komawa. A shekarar 2003 wasu likitocin dabbobi a birnin Biyana na Ostiriya, Wiesner da Iben, sun rena 'ya'yan sulkata a matakan danshi daban-daban, suka gano waɗanda aka ajiye a bushe su suka fi yin wannan tsololon. Rashin ruwa a jiki kuma na taɓa ƙoda, yana haifar da tsakuwa a mafitsara.

A samo ƙasar lambu ko ta fadama mai laushi, daga inda ba a zuba takin zamani ko maganin feshi ba. A tankaɗe ta a cire tsakuwa da gilashi da leda, a shanya ta a rana kwana biyu ko uku tururuwa su gudu. Idan mai yumɓu ce da ke yin tauri in ta bushe, a haɗa kashi uku nata da kashi ɗaya na yashi. Zurfin santimita 10 a akwatin nan na cin kusan lita 72, wato bokiti mai lita 20 sau uku da rabi. A yayyafa ruwa a cuɗa har sai in ka damƙa ta dunƙule amma ruwa bai ɗigo ba. Idan saman ya bushe, kada ka tsaya fesa ruwa a sama kawai. Ka zuba kofi ɗaya ko biyu a kusurwoyi ya gangara ƙasa, ka juya ƙasar da hannu.

Yashi zalla yana mannewa a abinci ya taru ya toshe hanji, yana kuma shiga ido. Dusar katako irin ta ɗakin kaji da ɓuntun shinkafa ƙura ce da su, in sun jiƙe kuma su yi fumfuna. Tayil ko leda ko jarida santsi gare su, ƙafafun ɗan kunkuru sai su riƙa baɗewa gefe har tafiyarsa ta lalace.

Maɓoya ba ta buƙatar kashe kuɗi mai yawa. A sayi tukunyar ƙasa a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, a raba ta biyu, a goge kaifin bakin da dutse, a kifa rabin a binne gefensa cikin ƙasa. Yumɓu na shan ruwa ya riƙa sakinsa a hankali, don haka in ka jiƙa bayanta da safe cikinta zai wuni da laima. A sa guda biyu, ɗaya wajen ɗumi ɗaya wajen sanyi. Danshin da ake so a cikin maɓoya shi ne kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Na'urar da ke auna zafi da danshi tare ana samunta wurin masu sayar da kayan kiwon kaji da injin ƙyanƙyasa. A ajiye ta a ƙasa daidai tsayin kunkurun, ba a jikin bangon ɗaki ba.

Sai dai danshi da sanyi ba sa haɗuwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa a daren Janairu mai sanyi ita ke kawo ciwon huhu. Da hunturu ana jiƙa ƙasa da safe ne, ba da yamma ba, a lulluɓe kashi biyu cikin uku na saman akwatin don laimar da ɗumin su zauna. Da damina, musamman Agusta, iska da kanta ta wadatar: a cire rufin katakon a maye gurbinsa da waya, a rage ruwa, in ba haka ba ƙasar za ta yi tsami, ƙasan cikinsa ya fara ruɓewa.

Kwanon ruwa ya zama marar zurfi, irin murfin tukunya ko ƙaramin kasko, a binne shi bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Ruwan kada ya wuce santimita 1. Ɗan kunkuru na iya nutsewa a kwanon da mutum zai raina. Ban da wannan, kullum da safe a tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, digiri 30 zuwa 32, iya haɓarsa, minti 15 zuwa 20, ana kallonsa.

Zafi da rana

Abin da ake nema: wurin shan ɗumi a gefe ɗaya digiri 33 zuwa 36, ɗaya gefen 26 zuwa 28, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 24 muddin ƙasar na da laima.

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da asubahin Bauchi kan sauka ƙasa da digiri 15 a waje, ana buƙatar ƙwan lantarki mai zafi, tsohon yayi ko halojin, wat 40 zuwa 60. Fararen ƙwayayen zamani masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa. A rataye shi a ƙarshen akwatin ba a tsakiya ba, santimita 25 zuwa 30 daga bayan kunkurun, a mariƙi na tangaran domin na roba na narkewa, a ɗaure shi da waya yadda ba zai faɗo ba. A kunna awa ɗaya a auna, in ya yi yawa a ɗaga, in ya yi kaɗan a sauko da shi. Da dare a kashe, yana buƙatar duhu. Idan babu wuta, ko daren ya yi sanyi, a cika jarka ko gora da ruwan zafi, a naɗe da tsumma, a jingina da maɓoyar ta waje, a lulluɓe akwatin da bargo a bar 'yar kafar iska. Kada a kawo kaskon gawayi ko fitilar kananzir kusa. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki mutum ma yana kashewa.

Daga Maris zuwa Mayu lissafin ya juya. Ɗakin kwano marar silin na iya kai digiri 40 da azahar, kuma ɗan kunkurun da ba shi da wurin fakewa ba ya daɗewa a irin wannan zafin. A daina kunna ƙwan lantarki gaba ɗaya, a mayar da akwatin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙara zurfin ƙasa ya samu ya binne kansa, a jiƙa tukunyar sau biyu a rana. Idan ka ga yana kumfa a baki ko yana zagaye a firgice, zafi ne: a kai shi inuwa a tsoma shi a ruwan da ba na firji ba.

Sai batun da Bature ke kashe kuɗi a kai mu kuwa muna da shi kyauta. Fatar kunkuru na buƙatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB don ta haɗa bitamin D3, wanda da shi jiki ke ɗaukar kalsiyam ya gina ƙashi da ƙoƙo. In babu shi ƙoƙon sai ya yi laushi, ƙafafun baya su raunana, ko da ana ba shi abinci mai kyau. Gilashin taga na tare wannan hasken, don haka ajiye akwati a bakin taga a rufe ba ya maganin komai, zafi kawai yake ƙarawa. A fitar da shi hantsi, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, minti 30 zuwa awa ɗaya, kwana huɗu ko biyar a mako. A sa shi a baho mai ƙasa a ciki, rabinsa a inuwa, da waya a sama saboda shirwa. Kada a tafi a bar shi, domin inuwa na matsawa. Mai yin haka ba ya buƙatar fitilar UVB. Wanda ya saya kuma ya sani ƙarfinta na raguwa cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci gaba da haske. Shuɗiyar fitilar duba kuɗi da ta kashe ƙwari ba su ne ita ba, ta kashe ƙwayoyin cuta kuwa ƙona ido da fata take yi.

Wane ɗaki

Ba kicin ba, ba kusa da janareto ba, ba inda ake turaren wuta ko kunna maganin sauro na hayaƙi ba, ba kuma gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Ranar da za a yi feshin fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, a fitar da akwatin, sai ɗakin ya sha iska warin ya tafi sannan a dawo da shi. Tururuwa da cinnaka ta ido da wuya suke kama ɗan kunkuru. Maganinsu a tsoma ƙafafun akwatin cikin gwangwanayen ruwa, a kuma kwashe ragowar abinci kafin magariba, ba a barbaɗa hoda a ciki ba.

A zuba masa abinci a kan faffaɗan dutse, don kada ya haɗa da ƙasa, kuma dutsen na rage masa tsawon baki. Ƙiri-ƙiri, harkiya, guɗe-guɗe, ganyen kabewa da na kuɓewa da na rama, a yayyanka ƙanana, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai dafaffe sau biyu a mako. Tuwo da shinkafa da burodi ba cimarsa ba ne.

Kunkuru na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, ba tare da ya nuna alamar ciwo ba. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai inci 4 ba tun 1975, domin yara ƙanana na kai su baki. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke, kuma akwatin ya kasance inda mai rarrafe ba zai kai ba.

Yadda za ka gane wurin bai yi ba

Dabbar ce za ta gaya maka. Idan kullum yana manne ƙarƙashin ƙwan lantarki, sauran akwatin ya yi sanyi. Idan kullum yana can ƙarshen gefen sanyi ko cikin kwanon ruwa, zafi ya yi yawa. Ido a lumshe ko ya faɗa ciki, da farin abin da ke fita tare da fitsarinsa ya zama tsaki-tsaki maimakon laushi, bushewa ce. Kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ko ƙara lokacin numfashi, wannan na likitan dabbobi ne ba tare da jinkiri ba. Haka ma ƙoƙon da ke ƙara laushi maimakon ƙwari bayan watannin farko. Kada wani ya ce a yi masa allurar ibamektin da ake yi wa awaki da shanu. Tana shanye jikin kunkuru, tana kashe shi.

Idan yana yawan kifewa, a duba abin da yake hawa: dutse mai tsayi, bakin kwano, ko kusurwa. A kawar da shi, musamman ƙarƙashin ƙwan lantarki, inda kifewar awa ɗaya ta isa. Biyu a akwati ɗaya sukan zama ɗaya na danne ɗaya, ya hana shi abinci da maɓoya ba tare da an ga faɗa ba. In ɗaya na girma ɗaya ya tsaya, a raba su. Iri biyu daban kuwa ba a haɗa su sam. Sikelin kicin mai auna giram ya isa a riƙa auna shi duk mako ana rubutawa. Nauyin da ya tsaya cak wata guda, ko yake raguwa, ya riga sauran alamu fitowa.

Kashi a kwashe kullum, ruwa a canza kullum, ƙasa kuma a sauya ta duk bayan wata uku ko huɗu, ko da zarar ta fara wari.

Akwatin ƙafa 4 da 2 ba na dindindin ba ne. Da ƙoƙonsa ya kai santimita 10 a ninka faɗin wurin. Idan ya kai 15 zuwa 20 lokacin komawa tsakar gida ya yi, cikin shingen bulo mai inuwa da ɗan ɗakin kwana, a nutsa harsashin aƙalla ƙafa ɗaya cikin ƙasa, saboda sulkata mahaƙin rami ne kuma ta ƙarƙashin katanga yake fita. Kada a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya kamar yadda wasu ke yi. Ƙoƙon ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, akwai jini da jijiya a cikinsa.